Maƙalar da Ba a Waiwaya Ba: Katalin Karikó da Ma'aunin Masu Binciken Lafiya

(KIƊAN BUƊE SHIRI)

Yau a shirinmu na musamman kan kimiyya da lafiya za mu leƙa wani lungu na duniyar masana da ba kasafai labarinsa ke fitowa waje ba, wato yadda ake auna darajar mai binciken lafiya: maƙalu nawa ya wallafa, kuma sau nawa sauran masana suka kafa hujja da su. Za mu bi batun ne ta rayuwar wata baiwar Allah 'yar ƙasar Hungari, Katalin Karikó, wadda wannan ma'auni ya daɗe yana nuna cewa ba ta kai ba, alhali aikinta ne daga baya ya zama ginshiƙin allurar rigakafin korona da aka yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane. Sai ku gyara zama.

(KIƊA)

Bari mu fara da yadda lissafin yake. Idan masani ya kammala bincike, sai ya rubuta sakamakonsa ya aika wa mujallar kimiyya. Mujallar ta ba wasu ƙwararru su tantance, in sun gamsu a wallafa, in ba su gamsu ba a mayar masa da abinsa. Bayan an wallafa, duk wani masani da ya yi amfani da wannan aiki a nasa binciken dole ya ambace shi a ƙarshen maƙalarsa. Wannan ambato shi ake ƙirgawa.

Wanda ya mayar da ƙirgen sana'a shi ne wani Ba'amurke, Eugene Garfield. Ya kawo shawarar a 1955, ya kafa cibiyarsa a birnin Filadelfiya, a 1964 kuma ya fitar da babban jadawalin da ke nuna wa ya ambaci wa a fagen kimiyya. Niyyarsa ita ce ya sauƙaƙa wa masu bincike bin sawun ilimi. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai jami'o'i suka mayar da jadawalin sikelin auna ma'aikatansu. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar California da ke San Diego, Jorge Hirsch, ya dunƙule abin a lamba guda da ake kira ma'aunin h. Idan aka ce ma'aunin h na wani 20 ne, ana nufin yana da maƙalu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yau da wannan lamba ake duba mutum wajen ɗaukar aiki, ƙarin girma, da ba da tallafin bincike.

To, a wannan birni na Filadelfiya, inda aka haifi sana'ar ƙirge, a nan Katalin Karikó ta yi shekaru tana aikin da ƙirgen bai gani ba.

An haife ta a 1955, mahaifinta mahauci ne a wani ƙaramin gari na Hungari. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Szeged. A 1985 kuɗin gudanar da ɗakin bincikenta suka yanke, sai ita da mijinta da 'yarsu ƙarama suka tattara suka nufi Amurka. A lokacin gwamnatin ƙasarsu ba ta barin a fita da kuɗi masu yawa, don haka suka sayar da motarsu, suka ɗinke kuɗin, kimanin fam 900, a cikin 'yar tsanar yarinyar. Ta fara aiki a Jami'ar Temple, a 1989 ta koma Jami'ar Pennsylvania.

Abin da ta sa a gaba shi ne wani sinadari da ake kira mRNA. Aikinsa a jikin ɗan Adam shi ne ɗaukar umarni daga ma'ajiyar gado da ke cikin ƙwayar halitta, ya kai wurin da ake ƙera furotin. Tunanin Karikó shi ne: in har za a iya haɗa wannan saƙo a ɗakin bincike a saka shi cikin jiki, to jikin da kansa zai ƙera maganin da yake bukata. Masu ba da tallafi ba su ga alamar haske a ciki ba. Ta rubuta takardun neman kuɗi ɗaya bayan ɗaya, ana mayar mata da su. A 1995 jami'ar ta rage mata matsayi, ta sauke ta daga layin masu jiran zama farfesa. Da yawa a nan za su sauya hanya su kama abin da ke kawo kuɗi. Ita kam ta karɓi ƙaramin matsayin, ta ci gaba da aikinta.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 ta haɗu da wani likita masanin garkuwar jiki, Drew Weissman, a gaban injin kwafar takardu, inda dukansu ke zuwa kwafar maƙalun da za su karanta. Hira ta kai su ga aiki tare. Matsalar da ta tsaya musu ita ce, duk lokacin da aka saka mRNA na haɗi cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, sai su ɗauke shi a matsayin baƙon maƙiyi, su tayar da kumburi. Da suka zurfafa, sai suka lura cewa irin wanda jikin dabbobi ke yi da kansa yana ɗauke da wasu 'yan sauye-sauye a tubalan gininsa. Tubalan nan huɗu ne. Suka canja ɗaya daga ciki, mai suna uridin, da wani ɗan'uwansa mai kama da shi. Kumburin ya kusa ɓacewa gaba ɗaya.

Wannan gagarumin abu ne, amma manyan mujallu biyu, Nature da Science, suka ƙi karɓar maƙalar. Daga ƙarshe mujallar Immunity ce ta wallafa ta a 2005, shekarar da Hirsch ya fito da ma'auninsa. Weissman ya sha faɗa daga baya cewa ya zaci za a dame su da kiran waya. Shiru kake ji. A 2008 da 2010 suka ƙara wallafa wasu sakamakon da suka nuna cewa gyararren saƙon har ya fi na asali samar da furotin. Duk da haka, masu bibiyar aikin 'yan tsiraru ne. A 2013 Karikó ta bar ɗakin bincikenta na jami'ar ta koma wani kamfani a Jamus da kusan ba wanda ya san shi a lokacin, BioNTech.

(KIƊA)

Masu sauraro, ga wanda yanzu ya kama tasharmu, shirinmu na musamman ne kuke saurare, muna kuma duba yadda ake auna masu binciken lafiya da yawan maƙalu da yawan ambato, ta labarin Katalin Karikó.

Cikin 'yan tsirarun da suka karanta maƙalar 2005 da idon basira akwai wani masani a Jami'ar Harvard, Derrick Rossi, wanda ya yi amfani da dabarar a nasa aikin, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa kamfanin Moderna a 2010. Da annobar korona ta ɓarke, alluran da aka amince da su a Disambar 2020, ta Pfizer da BioNTech da kuma ta Moderna, dukansu a kan wannan gyara na tubali guda aka gina su. A 2021 irin waɗannan allurai suka iso Najeriya. Ranar 2 ga Oktoban 2023 aka sanar da cewa Karikó da Weissman ne suka lashe lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Maƙalar da aka yi shekaru ba a waiwaya ba, yau an ambace ta sau dubbai. Ku lura da kyau: ba a ƙara mata ko wasali ɗaya ba tun 2005. Ingancinta na nan tun ranar farko, masu ƙirge ne suka makara.

Shin ma'aunin ba shi da amfani ke nan? Yana da shi. Yana nuna inda hankalin masana ya karkata, yana taimaka wa ɗalibi ya gano muhimman ayyuka a fanninsa. Sai dai akwai abubuwan da ba ya iya bambancewa, ga kuma misalai biyu.

A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, kan hanyar auna yawan furotin a cikin ruwan gwaji, da ambato sama da 300,000. Aiki ne mai amfani ƙwarai, kowane ɗakin bincike na bukatarsa. Amma maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar DNA, wato ma'ajiyar gadon da muka ambata, ta sauya ilimin halittu baki ɗaya, ko cikin ɗarin ba ta shiga ba. Dalili kuwa, idan ilimi ya zama sanin kowa sai ya koma littattafan makaranta, a daina ambatar tushensa.

Misali na biyu ya fi ciwo. A 1998 wani likita a Ingila, Andrew Wakefield, ya wallafa maƙala a mujallar Lancet kan yara 12 kacal, wadda ta jefa zargin alaƙa tsakanin allurar rigakafin ƙyanda da larurar galahanga. Bincike ya tabbatar da cewa aikin cike yake da maguɗi. A 2010 mujallar ta janye maƙalar, hukumar likitocin ƙasar kuma ta soke lasisinsa. Amma an ambaci wannan maƙala fiye da sau dubu, yawancin masu ambatar kuwa ƙaryata ta suke yi. A wurin na'urar ƙirge, wanda ya yaba da wanda ya ƙaryata duk maki ɗaya suka ba ka. Iyaye da dama suka ƙaurace wa rigakafi saboda ita, ƙyanda ta sake kama yara a wuraren da aka kusa mantawa da ita.

Su kansu masanan sun farga. A Disambar 2012 wasu editoci da masu bincike suka taru a San Francisco suka tsara wata sanarwa da ke kira ga jami'o'i da masu ba da tallafi su riƙa duba abin da ke cikin aikin mutum, su daina fakewa da sunan mujallar da ya fito a ciki. Cibiyoyi da dama a faɗin duniya sun sa hannu.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A jami'o'inmu da asibitocin koyarwa, malami ba ya hawa daga wannan mataki zuwa na gaba sai ya gabatar da adadin maƙalun da aka ƙayyade. Matsin nan ne ke tura wasu ga mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su wallafa komai ba tare da tantancewa ba. Shi ne kuma ke sa a yanka bincike guda gida uku don adadi ya cika. A gefe guda kuwa, likitan da ya duƙufa kan sankarau, ko tamowa, ko yoyon fitsari, ko amosanin jini, yana aiki ne a kan cututtukan da masu bincikensu a duniya ba su kai na ciwon daji ko ciwon zuciya yawa ba. Masu ambatarsa za su yi kaɗan ko da aikinsa ya ceci gari guda. Hausawa na cewa ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Don haka kiranmu ga kwamitocin ƙarin girma shi ne su buɗe maƙalun su karanta, su tambayi abin da aikin ya sauya a ɗakin haihuwa ko a asibitin ƙauye, kafin su duba lamba. Ga matasan masu bincike kuma, ku wallafa, domin ilimin da ba a rubuta ba yana mutuwa da mai shi. Amma ku zaɓi tambayar da amsarta za ta rage wa mutane wahala, ku yi aikin da gaskiya, ku bar shi a inda wani zai iya gwada shi ya tabbatar. Mara lafiyar da zai amfana da shi ba zai taɓa ambatar ku a wata mujalla ba, amma dominsa aka buɗe ɗakin binciken tun farko.

A nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu nema musu magani basira. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)