Wanda Ake Tsokana da Wanda Ake Jin Kunya

A tashar mota, Babarbare na iya duban Bafulatanin da bai taɓa gani ba ya ce masa: "Kai bawana, zo ka ɗauki kayan ubangidanka." Bafulatanin ya murmusa ya ce: "Yaushe bawa ya fara aiken mai shi? Ai kakana ne ya sayi kakanka." Jama'a su kwashe da dariya, kowa ya kama gabansa. Da wani ne daban ya furta wannan magana, da sai an raba faɗa. Haka abin yake tsakanin Kanawa da Zage-zagi, da Gobirawa da Yarbawa, da ɗan mace da ɗan namiji a cikin gida, da kaka da jikarsa wadda yake kira matarsa.

Bahaushe ya tashi ya tarar da wannan wasa, don haka bai cika tambayar dalilinsa ba. Masu nazarin al'adun ɗan Adam kuwa sun daɗe suna tambaya, domin sun ci karo da irinsa a wuraren da ba su taɓa jin labarin juna ba. Bafaranshe Marcel Mauss ya yi rubutu a kansa a 1928. A 1940 kuma Baturen Ingila A. R. Radcliffe-Brown ya buga wata maƙala a mujallar Africa wadda har yau ake karantar da ita. Abin da ya hango shi ne, wasan ba ya faɗawa ko'ina. Yana tsirowa ne a tsakanin mutanen da dole ta haɗa su zama, ta hanyar aure ko maƙwabtaka ko tsohon yaƙi, alhali akwai abin da zai iya haɗa su rigima. Al'umma kan magance wannan ta ɗayan hanyoyi biyu: ko ta halatta musu tsokanar da ba a fushi da ita, ko ta gindaya musu kunyar da za ta hana su kusantar juna.

Inda al'ummomi suka bambanta shi ne wa ake tsokana, wa kuma ake sunkuyar wa da kai.

Ga misalin kawu. A ƙasar Hausa ana gaishe shi da ladabi. Amma a cikin mutanen Tsonga na kudancin Mozambik, waɗanda ɗan mishan Henri Junod ya zauna da su, ɗan 'yar'uwa kan shiga gidan kawunsa ya cinye abincin da aka ajiye wa mai gidan, ba mai ce masa uffan. Idan ana yanka domin kakanni, yakan fizgi rabon naman ya ruga da shi. A tsibiran Fiji abin ya fi haka: ɗan 'yar'uwa, wanda suke kira vasu, yana da ikon ɗaukar abin da ya ga dama daga dukiyar kawunsa. Bayanin Radcliffe-Brown shi ne, a inda iko da gado suke hannun dangin uba, gidan kawu ya zama wurin sakewa da shagwaɓa. Hausawan zangon Kumasi kuwa sun san akasin haka a wurin maƙwabtansu Asante, inda dangantaka ke bin ɓangaren uwa. Can kawu ne mai faɗa a ji, kuma a al'adance 'ya'yan 'yar'uwarsa ne ke gadonsa, ba 'ya'yan cikinsa ba. Sai a 1985 Ghana ta yi dokar gado da ta ba mata da 'ya'ya babban rabo idan mutum ya rasu bai bar wasiyya ba.

Ta fuskar kunya ma akwai abin mamaki. Matar Bahaushe ba ta kiran sunan mijinta ko na ɗanta na fari, suruki kuma kan kauce wa cin abinci a gaban surukarsa. Baba ta Karo, dattijuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, ta yi bayanin waɗannan ɗabi'u dalla-dalla. To amma a wurin Zulu da Xhosa na Afirka ta Kudu, amarya ba sunan uban mijinta kaɗai take gudu ba, har da kalmomin da ke ɗauke da gaɓar sunan, sai ta nemo musu madadi. Mutanen Dyirbal na arewacin Queensland a Ostareliya sun zarce kowa. Masanin harshe R. M. W. Dixon ya nuna cewa a da suna da wani salon magana na musamman da ake komawa gare shi da zarar suruka tana kusa: nahawun bai canza ba, amma kusan kowace kalma daban ce, kuma kalmomin ba su kai yawan na yau da kullum ba. A wancan zamani yaro kan tashi da rumbun kalmomi biyu, ɗaya domin duniya, ɗaya domin surukai.

Wasan da ke tsakanin ƙabila da ƙabila shi ne ya fi ɗaukar hankali a Afirka ta Yamma. A Mali, Dogon mazauna duwatsun Bandiagara da Bozo masunta na kogin Neja suna zagin juna son ransu, amma al'ada ta haramta musu auren juna da zubar da jinin juna. Labarin da suke bayarwa shi ne, a wata shekarar yunwa wa ya yanki naman jikinsa ya ciyar da ƙanensa, daga su biyun ƙabilun suka fito. Marcel Griaule, wanda ya yi rubutu a kan wannan a 1948, ya ga cewa zagin a wurinsu wanke ciki ne, yana fitar da ƙullin da ke zuciya. A Burkina Faso, Mossi da Samo ba sa barin wasa ko a wurin jana'iza: abokin wasa na iya tare hanyar kabari ya ce ba za a binne "bawansa" ba sai an biya shi, masu makoki su biya suna dariya da hawaye a ido. Can gabas kuma, a Tanzaniya, ana kiran abin utani, kuma yana da ƙarfi tsakanin Hehe da Ngoni, waɗanda a da suka gwabza yaƙi. Har ƙungiyoyin ƙwallon nan biyu na Dar es Salaam, Simba da Yanga, da sunan abokan wasa na gado ake kiransu.

Wasan yana da haƙƙoƙi. Abokin wasa shi ne ke shiga tsakani idan rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, don ba a iya ƙin maganarsa. A watan cika-ciki taubasai kan bi juna karɓar kuɗin shara. Nijar ta ɗauki abin da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sa wasan barkwancin ƙasar cikin jerin al'adun gado na duniya a 2014.

Sai dai masu yabon al'adar kan wuce gona da iri idan suka maishe ta maganin kowane rikici. Tana kashe ƙananan wuta: cacar baki a kasuwa, saɓanin maƙwabta, fushin dangi. Fulani da Tibi abokan wasa ne tun kaka da kakanni, har yau ana tsokanar juna kan shanun da aka ba da amana aka dawo aka tarar an cinye. Wannan bai hana zubar da jini tsakanin makiyaya da manoma a kwarin Binuwai ba, lokacin da gona da burtali da mashaya suka yi wa jama'a kaɗan, har jihar Binuwai ta kafa dokar hana kiwon sake a 2017.