Hatsarin famfon maganin laka ga yaro mai sandarewar jiki

Yaran da ƙwaƙwalwarsu ta taɓu saboda doguwar naƙuda, ko shawarar jarirai, ko sanƙarau, sukan tashi da sandarewar gaɓoɓi, kuma maganin da aka fi ba su domin sassauta tsoka shi ne baklofen. Da yake kaɗan ne daga cikin ƙwayar da aka haɗiya ke kaiwa ga laka, wato jijiyar da ke cikin ƙashin baya, sai likitoci suka koma dasa wani ɗan famfo mai batir a ƙarƙashin fatar ciki, wanda ke ɗiga maganin ta siririn bututu cikin ruwan da ke kewaye da lakar. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wannan hanya a 1996 ga masu sandarewar da ta samo asali daga ƙwaƙwalwa.

Wurin dashen yakan kamu da ƙwayoyin cuta, musamman ga yaro ramamme, bututun kuma yakan lanƙwashe ko ya goce, ruwan laka ya yi yoyo. In kuma magani ya yi yawa, yaron ya yi laushi, numfashinsa ya ragu har ya suma.

Sai dai abin da ya fi hatsari shi ne yankewar maganin farat ɗaya, domin famfon yana buƙatar ƙwararre ya sake cika shi duk bayan wata 1 zuwa 6, batirinsa kuma yawanci ba ya wuce shekara 7. Idan famfon ya ƙafe, yaron kan fara da ƙaiƙayi, sannan zazzaɓi mai zafi da sandarewa da jijjiga su biyo baya, abin da kan kai ga lalacewar ƙoda ko rasa rai. A Miga da ƙauyukan fadamar kogin Haɗejiya, inda ambaliya irin ta 2022 kan raba jama'a da hanyar Dutse da Kano, waɗannan alamu ba su da maraba da zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau a idon iyaye da ma'aikacin ƙaramin asibiti, don haka ana iya ɓata kwanaki ana maganin wata cuta daban.

Iyalin da aka yi wa tayin wannan dashe, a gida ko a ƙasar waje, ya kamata su san wanda zai riƙa cika famfon, da inda za su same shi da damina, tun kafin su amince da tiyata.