Fasfo a Matsayin Takunkumi: Takardun Tafiya a Tarayyar Sobiyat

Gabatarwa

A fahimtar Bahaushe, fasfo takarda ce da hukuma ke bai wa ɗan ƙasa domin ya fita waje, biza kuwa izinin shiga ne daga ƙasar da za a je. A Tarayyar Sobiyat al'amarin ya sha bamban. Fasfo iri biyu ne a can, na cikin gida da na ƙetare, kuma bizar da ta fi wuyar samu ita ce ta fita daga ƙasar. Wannan maƙala ta bayyana yadda takardun suka zama hanyar tsare mutum a inda hukuma take son ya zauna.

Fasfon Cikin Gida

An ƙaddamar da shi ranar 27 ga Disamba, 1932, a zamanin Stalin, lokacin da yunwa ta addabi Yukiren da Kazakistan, mutanen karkara suna ta kwarara birane neman abinci. Ana bai wa mazaunin birni wannan fasfo daga shekara 16. A cikinsa akwai sunansa da ƙabilarsa da hatimin rajistar mazauni, wanda ake kira propiska. Duk wanda ba ya da hatimin Masko ko na Leningrad ba shi da ikon zama ko kama aiki a waɗannan birane.

Manoman gonakin haɗin gwiwa kuwa ba a ba su fasfon ba. Saboda haka barin ƙauye sai da izinin mahukuntan yankin, wato rashin takardar shi ne turken da ya ɗaure su. Sai a 1974 aka yanke shawarar bai wa kowa, aka kuma yi rabon daga 1976 zuwa 1981.

Fasfon Ƙetare da Bizar Fita

Fasfon ƙetare ba ya zama a hannun mai shi. Ana ba shi ne domin tafiya guda, idan ya dawo ya mayar. Kafin a ba shi sai wurin aikinsa ya rubuta shaidar halinsa, kwamitin Jam'iyyar Kwaminis ya yi masa tambayoyi, hukumar leƙen asiri ta KGB ta binciki tarihinsa. Galibi akan fara barin mutum ya ziyarci ƙasar gurguzu irin Bulgeriya kafin a amince masa da Faransa ko Ingila.

Mai neman ƙaura dungurungum shi ya fi shan wuya. Yana buƙatar gayyata daga ɗan'uwa a waje, sannan ya miƙa takardunsa ga ofishin OVIR na ma'aikatar harkokin cikin gida. Yahudawa da dama an hana su bisa hujjar sun san asirin ƙasa, aka kuma kore su daga aiki. A 1972 aka ɗora wa masu ƙaura harajin biyan kuɗin karatun jami'a da suka yi, lamarin da ya sa majalisar Amurka ta zartar da dokar Jackson–Vanik a 1974, wadda ta danganta rangwamen ciniki da 'yancin ƙaura. Waɗanda aka bari suka tafi Isra'ila an soke musu zama 'yan ƙasa, suka fita ba fasfo sai bizar fita kawai. Haka aka yi wa marubuci Solzhenitsyn a Fabrairun 1974: aka ƙwace masa zama ɗan ƙasa, aka kai shi Jamus ta Yamma.

Kammalawa

Sashe na 13 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta 1948 ya tabbatar wa kowa ikon barin ƙasarsa da komawa cikinta. Tarayyar Sobiyat ta ƙaurace wa ƙuri'ar amincewa da sanarwar. Dokar da ta sassauta fita an zartar da ita ne a watan Mayun 1991, ba ta fara aiki ba sai Janairun 1993, bayan tarayyar ta riga ta wargaje. Wannan tarihi ya nuna cewa ma'anar fasfo ta dogara ne ga wanda ke ajiye shi: idan yana aljihun ɗan ƙasa haƙƙi ne, idan yana akwatin hukuma alfarma ce da za a iya janyewa.