Sheƙar Hamingbad a Baranda: Galibi Uwar Ba Gudu Ta Yi Ba

A jihar Kaliforniya ta Amurka, tun cikin Disamba ko Janairu, ƙaramar tsuntsuwar hamingbad, nau'in da ake kira Anna, kan kafa sheƙarta a reshen da ke bakin taga, wani lokacin ma a kan wayar fitilar baranda. Masu gida su ɗauki hoto su ɗora a Facebook, shawarwari kuma su yi ta kwarara, gaskiya da shaci-faɗi a cakuɗe.

Maganar da ta fi jawo ɓarna ita ce wai uwar ta gudu. Mutum ya leƙa ya sake leƙawa bai gan ta ba, tausayi ya kama shi, ya kwashe 'ya'yan ya kai ɗaki. Galibi tana nan kusa. Ita kaɗai ke ginin sheƙa, ita ke kwanci, ita ke ciyarwa, namijin ba ruwansa. Idan 'ya'yan suka kai wajen kwana goma, gashi ya fara rufe su, sai ta daina zama a kansu, ta koma neman abinci. Kusan duk bayan minti 20 zuwa 30 takan sauko, ta cusa dogon bakinta can cikin maƙogwaron kowanne, ta amayar masa da ruwan fure haɗe da ƙananan ƙwari. Wanda bai taɓa gani ba zai ɗauka soke shi za ta yi. Cikin 'yan daƙiƙu ta gama ta tashi, kafin ka duba wayarka ka ɗago, ta zo ta tafi. Shi ya sa masu jinyar tsuntsaye ke cewa a koma nesa, a sa wa sheƙar ido na tsawon awa guda ba ƙyaftawa, kafin a yanke hukunci. Shirun 'ya'yan ma ba alamar galabaita ba ne, da shi suke ɓuya daga maƙiya. Kuka mara yankewa ne abin damuwa.

Batun ba su ruwan sukari kuwa rabinsa gaskiya ne. Manyan tsuntsayen na shan sa, awo ɗaya na farin sukari a awo huɗu na ruwa, ba zuma, ba jan launi. Amma ɗan tsuntsu ba ya girma da shi kaɗai, ƙwarin nan ne ke gina masa jiki da gashi. Wanda ya ɗauke shi da niyyar reno a gida, da wuya ya raya shi, kuma ya karya doka: tun 1918 Amurka ke da dokar kare tsuntsaye masu ƙaura, wadda ta hana riƙe su ko ɗauke sheƙar da ke da ƙwai ko 'ya'ya ba tare da izini ba.

Ana kuma cewa da zarar hannun mutum ya taɓa ɗan, uwar za ta ji wari ta ƙi shi. Ƙarya ce. Idan ya faɗo, a ɗauke shi a hankali a mayar, za ta ci gaba da ciyar da shi. Sai dai wannan ba izinin taɓawa ba ne. Yawan zarya wurin sheƙa na hana ta saukowa, yana kuma nuna wa kyanwa da hankaka hanya.

Ƙanƙantar sheƙar ma na tayar wa mutane hankali. Faɗinta bai wuce santimita huɗu ko biyar ba, ƙwai biyu ne a ciki, kowanne kamar ƙwayar wake. Ina manyan 'ya'ya biyu za su zauna? Da audugar tsirrai da yanar gizo-gizo uwar ta saƙa sheƙar, saboda haka tana buɗewa yayin da suke girma, har su tashi bayan kimanin mako uku. Ba ta buƙatar a sauya ta da kwando. Abin da mai gida zai yi shi ne ya tsare kyanwarsa a ɗaki, ya dakatar da feshin maganin ƙwari da sassabe rassa.

Akwai masu rantsuwa sun ga hamingbad a lambunan Kano ko Zariya. Sha-kauci suka gani. Shi ma yana shan ruwan fure, namijinsa na ƙyalli, amma danginsu daban. Hamingbad, nau'i sama da 300, a nahiyar Amurka kaɗai suke, daga Alaska har ƙurewar kudancin Ajantina da Chile. Sheƙarsu buɗaɗɗiya ce ta sama, ta sha-kauci kuwa rataye take da reshe, ƙofarta a gefe.