Idan Baƙo Ne Ya Kawo Sunan

A al'ada mai rubuta manhaja ya san sunan kowane gurbin bayani tun yana zaune gaban kwamfutarsa. Ya rubuta ɗalibi.suna, a tantance gurbin yana nan, shi ke nan. Wani lokacin kuwa sunan ba ya hannunsa, sai manhajar ta tashi aiki sannan ya iso, watakila daga fom ɗin da wani ya cike a intanet. Nan ake buƙatar dabarar duban-kai: manhaja ta leƙa cikinta, ta nemo gurbi da sunansa, ta karanta ko ta sauya abin da ke ciki.

Brian Cantwell Smith ne ya shimfiɗa tunanin a kundin digirinsa na uku a MIT a 1982. Java ta samu dabarar a 1997. A Python abin ya fi sauƙi, getattr ka ba shi abu da suna, ya miƙo maka. Ladan sauƙin shi ne harafi ɗaya ya kuskure, ba mai ce maka uffan sai ranar da manhaja ta tsaya cak a hannun mai amfani da ita.

Wannan ma ƙaramin alhaki ne. Babban shi ne wa ya kawo sunan. Spring, wadda ɗimbin manhajojin Java ke kanta, tana ɗaukar sunayen da ke cikin fom ta zuba bayanai a guraben da suka dace. A 2010 aka gano ana iya turo class.classLoader a kutsa har cikin hanjin manhaja, sai aka toshe wannan sunan. Toshewar ta yi aiki har Java 9 ta fito a 2017 da sabon gurbi mai suna module. Ashe an kulle ƙofar zaure an bar ta baya.

A ƙarshen Maris 2022 asiri ya tonu, aka raɗa wa ɓarakar suna Spring4Shell. Mai kutse ya rubuta class.module.classLoader a fom, ya bi ta nan ya juya saitin rajistar sabar Tomcat, ya sa sabar ta rubuta masa fayil da hannunta, fayil ɗin da zai riƙa ba ta umarni daga nesa. A ganina laifin bai tsaya kan Java 9 ba. Tun farko jera sunayen da aka haramta aka yi, maimakon jera waɗanda aka yarda baƙo ya kira. Ranar 31 ga Maris aka fitar da gyara a Spring 5.3.18 da 5.2.20.