Gishiri, Ciwon Sukari da Ƙoda

Ya kai mai gida, in akwai mai ciwon sukari a gidanka, karanta wannan, ka kuma karanta wa uwar gida, don ita ke riƙe da ludayi.

Jinin mutum cike yake da jajayen ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Suna iyo cikin ruwa mai gishiri, gishirin kuwa kullum kutsawa yake cikinsu. Amma Allah ya yi wa kowace ƙwaya wani abu kamar guga, yana kwashe gishirin yana zubarwa waje. An ce a zamanin Daurama sai ran Juma'a kaɗai ake jan ruwa a rijiyar Kusugu. To, wannan guga dare da rana yake aiki. Wani likitan ƙasar Denmark, Jens Skou, shi ya gano shi a 1957.

Ban da gugan akwai wata ƙofa da gishiri ke bi. A 1988 likitoci a London da Boston suka auna jinin masu ciwon sukari irin na allura. Suka tarar waɗanda ƙodarsu ta taɓu, gishiri ya fi saurin bi ta wannan ƙofa, sau da yawa kuma iyayensu masu hawan jini ne. Wannan awo na masu bincike ne, kada ka neme shi a asibiti. Abin da zai amfane ka shi ne sanin cewa sukari da hawan jini in sun haɗu, ƙoda ce ke shan wuya.

Ƙoda rariya ce mai tace jini. In ta fara yagewa ba a jin zafi. Sai can fitsari ya yi kumfa, ƙafa ta kumbura, lokacin kuwa ɓarna ta yi nisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babba a yini kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali guda. Kanwa da dunƙulen miya duk cikin lissafin suke, nan ne mutane ke ruɗuwa. A ƙara daddawa da albasa da citta, miya za ta yi daɗi.

Kada mai ciwon ya riƙa shan maganin ciwon jiki na kemis ba da sanin likita ba. Ka kai shi babban asibitin Daura a auna hawan jininsa, a kuma duba fitsarinsa sau ɗaya kowace shekara, ko da yana jin garau.