Masu Farautar Aibin Kwandala

A yawancin kasuwanni aibi karya kuɗin kaya yake yi, amma ban da kasuwar masu tara kwandaloli. A nan, wanda ya iya gano inda injin gidan buga kuɗi ya yi tuntuɓe shi ke da abin yi. Kayan aikinsa ba su cika aljihu ba: gilashin ƙara girma, ɗan sikeli da mayen ƙarfe. Tambayarsa kuwa kullum ɗaya ce: da wannan aibin aka haifi kwandalar, ko yawon duniya ne ya ja mata? Wadda mota ta taka ba ta ƙara ko anini, shi ya sa galibin masu zuwa masa da ɗoki jiki a sanyaye suke komawa.

A 1943 Amurka na buƙatar jan ƙarfe saboda yaƙi, sai ta buga kwabonta da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya. Wasu 'yan faya-fayan tagulla da suka maƙale tun bara suka bi layi, aka buge su da sabuwar shekara. Ɗaya daga cikinsu, bugun Denba, an sayar da shi dala miliyan 1.7 a 2010. Inda kuɗi irin wannan yake kuwa, 'yan damfara ba sa nisa. Wani ya shafa wa na ƙarfen ruwan tagulla, mayen ƙarfe ya cafke shi nan take. Wani ya samu kwabon 1948 ya kankare gefen 8 ta koma 3. Wannan sai ido: ukun gaskiya jelarta doguwa ce, ta zarce ƙasa. Sannan a ɗora a sikeli, a ga ko ya kai giram 3.11.

Ni dai na 1955 ya fi burge ni. A Filadelfiya hatimin bugun ne kansa ya samu zane biyu da ba su hau kan juna ba, don haka duk kwabon da ya fito ƙarƙashinsa shekararsa da rubutunsa biyu-biyu suke, kamar mai jiri ne ke kallo. Kafin a farga, kimanin dubu ashirin sun cakuɗe da lafiyayyu, aka ce a bar su su tafi. Da yawa a cikin kwalin taba aka tsince su, inda ake cusa canjin kwabo biyu ga mai saye a inji. Yau mai kyau ɗaya ya haura dala dubu. Amma akwai mai kama da shi, wanda hatimi ya ɗan zame lokacin bugu: inuwar rubutunsa a shafe take kamar matakala, ba ta da tudu. Sabon shiga a nan yake faɗawa.

Ingila ma ta taɓa yin nata a 2008, da aka haɗa tsohuwar fuska da sabon baya a kwandalar fens 20, ta fito ba shekara ko ta ina. Da yake sun yi yawa, kuɗinsu bai taka kara ya karya ba.

Bayan tantancewa sai maki. Kamfanoni irin su PCGS da NGC suna auna lafiyar kwandala daga 1 zuwa 70, su rufe ta cikin roba. Abin da ke ƙona ran mai wannan sana'a shi ne a kawo masa ta gaske an dirje ta da toka don ta yi ƙyalli. Gilashi zai nuna ƙananan ƙarce birjik, a rubuta mata "an wanke", mai ita ya karɓi abin da ya samu.